Ka samu aikin NGO a Abuja? Ga yadda zaka karanci oga da ofis tun kafin su karance ka

Tunda wani ƙanina ya gama bautar ƙasa yake damuna da waya, Yaya ka samo min aikin NGO, Yaya ance dala suke biya, sai naga gara in zauna in rubuta abinda na sani sau ɗaya kowa ya huta. Na yi aiki a ƙungiyoyi uku anan Abuja, biyu na gida ɗaya ta waje, kuma duk su ukun da naira suka biya ni, wannan ka fara cirewa daga ranka. Abinda yafi tsaya min a rai kuwa ba albashi bane, ba kuma farar Land Cruiser mai dogon eriya ba, halin oga ne. Ofis biyu zasu iya zama a layi ɗaya a Wuse 2, dona ɗaya, wato mai bada tallafi, ke basu kuɗi, aiki iri ɗaya suke yi, amma ɗaya kana shiga kaji kamar gidanku, ɗayan kuma tun daren Lahadi cikinka zai fara murɗawa. Kuma duka biyun akwai allo a bango an rubuta gaskiya, riƙon amana, mutunta ɗan adam. Kar allon nan ya ruɗe ka, mai firinta ne ya buga shi.

Ka fara bincike tun ranar da aka kira ka intabiyu, Juma'ar da zata yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Shiga shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka nemi sunan ƙungiyar, yawancin ƙungiyoyin gida a matsayin amintattu ake musu rajista ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 wato CAMA. In babu su kwata kwata toh kaga ka hutar da kanka kuɗin mota. In akwai su sai ka nemi sanin su waye amintattun, wani lokaci a shafinsu na intanet ma zaka gani. Dalilin da yasa nace haka, a takarda amintattu da kwamitin gudanarwa sune saman oga, su zaka kai wa ƙara ranar da ya zalunce ka, to in ka duba ka tarar oga ne da matarsa da ƙanin matarsa da wani abokinsa na sakandare, ka san ba inda zaka kai kuka sai wurin Allah. Ban ce kar ka karɓi aikin ba, a Najeriyar yau wa ke raina aiki, amma dai ka shiga ido buɗe.

Bayan nan ka nemi wanda ya taɓa aiki a wurin ya bari. LinkedIn na taimakawa, amma gaskiya wanda yafi kowa sanin ofis direba ne. Direban NGO shine ya kai oga filin jirgi da asuba, shine yaji wayar da akayi a kujerar baya, shi ya san wadda ta fito daga mitin tana share hawaye, shi ya san watan da albashi ya makara. In Allah ya haɗa ka da direban wurin a masallaci ko wurin mai shayi ka gaishe shi da girmamawa, Baba ya aiki, ya kuke fama da oga. In yace alhamdulillah mutumin kirki ne ya ci gaba da baka labari, toh. In yace hmm sai dai haƙuri ya ɗauke kai, wannan hmm ɗin ya fi duk rahoton shekara da suka buga da hotuna masu kala.

Ranar intabiyu kaje da wuri ka zauna a risefshan kana kallo. Ka lura da yadda ake magana da maigadi da mai shara, ka lura ko hira na mutuwa lokaci ɗaya in oga ya shigo kamar an ɗauke wuta. Idan aka ce kana da tambaya kar kace babu don kunya, tambayi abu biyu: wannan kujerar da zan hau sabuwa ce ko wani ne ya bari, sannan yaushe firojek ɗin zai ƙare. In aka fara kame kame a ta farko, ko kaji mutum uku sun zauna a kujerar cikin shekara ɗaya, matsalar ba ta mutum ukun bace.

Tambaya ta biyun nan ita ce asalin rayuwar NGO, kuma yara basa gane ta sai ta buge su. Albashinka ba daga aljihun ƙungiya yake fitowa ba, daga wani layi ne a cikin bajet ɗin wani firojek da wani dona ya amince dashi na shekara ɗaya ko biyu ko biyar, ranar da kuɗin ya tsaya kujerarka ta tsaya. Duk mun gani da idonmu a 2025. Ranar 20 ga Janairu Trump ya sa hannu aka dakatar da tallafin Amurka na ƙasashen waje na kwana 90, kafin sati ya zagayo takardun a tsaida aiki sun fara shigowa, zuwa 1 ga Yuli an rufe USAID, hukumar da ke raba tallafin, baki ɗaya. Mutanen da suka biya kuɗin haya a Gwarinpa suna lissafin shekara uku suka wayi gari suna gyara CV. A lokacin ne kuma aka san shugaba da mai riƙe da kujera kawai, don ba'a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wani oga ya tara ma'aikata a rana ta biyu ya buɗe musu lissafi, ga abinda ya rage a akawun, ga watannin da zamu iya biya, ku fara neman wani wuri ni zan rubuta muku takardar shaida. Wani kuma ya kulle kansa a ofis yana cewa komai lafiya, har sai da mutane suka ga imel ɗin sallama ƙarfe biyar na yamma ranar Juma'a.

Saboda haka takardar kwantiragi ka karanta ta kamar takardar filin da zaka saya. Kar kayi aiki da alkawarin baki, dokar ƙwadago ma cewa tayi cikin wata uku da fara aiki a baka sharuɗɗanka a rubuce, ni kuma nace kar ka jira wata ukun, ka karɓa kafin ka ajiye jaka. Ka duba ranar ƙarewa, tsawon lokacin gwaji, notis na kwana nawa in za'a rabu, hutun shekara, inshorar lafiya da ko ta haɗa da iyali. Ka duba fansho musamman. Dokar fansho ta 2014 tace wurin da ke da ma'aikata 15 ko fiye, mai aiki zai sa kashi 10 kai a cire maka kashi 8, a tura wa kamfanin fanshonka cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, sannan akwai inshorar rai da bata gaza ninki uku na albashinka na shekara ba. Abinda ake yi a wasu wurare shine a cire kashi 8 ɗin a takardar albashi amma ba'a turawa, ni kaina sai da nayi wata tara a wani wuri kafin na lura alat ɗin fansho baya shigowa, kuma da na tambaya sai akanta yace ai ana kan hanya. Har yau tana kan hanya. Ka riƙa duba akawun ɗin fanshonka duk wata, in abu yaƙi akwai PenCom, hukumar kula da fansho, don wannan aka kafa ta. Haka haraji, in ana cire maka kuma a Abuja kake zaune FCT-IRS, hukumar harajin Abuja, ya kamata ya tafi, kuma ranar da zaka nemi takardar shaidar biyan haraji ne zaka gane ko ya tafi.

Sai dabarar kiran mutum ɗan sa kai ko kwansaltan alhali yana zuwa takwas ya tashi biyar kamar kowa. Wata shida don ka koyi aiki ba laifi, amma in ta kai shekara biyu ana baka kuɗin mota ana ce maka ka ƙara haƙuri sabon firojek na zuwa, gudun biyan fansho da inshora ake dakai. Kuma ka sani dokar ƙwadagon nan bata rufe kowa ba, masu aikin ofis na gudanarwa da ƙwararru yawanci abinda ke cikin kwantiraginsu shine makaminsu in an je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, shi yasa nake ta nanata takardar.

Toh ka shiga. Wata ukun farko ka rage baki ka ƙara kunne. Jadawalin muƙamai da HR, wato masu kula da ma'aikata, zasu nuna maka ranar farko wani abu ne daban, inda iko yake zaune wani abu ne daban. A wani ofis akanta ne sarki, in bai so ba takardarka zata kwana sati biyu akan tebur. A wani kuma wata Anti ce a admin da ta fi kowa daɗewa, ba'a jin muryarta a mitin amma ba abinda oga zai yanke bai leƙa ofishinta ba. Ka gano su ka riƙa gaishe su, ba fadanci nace ba, gaisuwa ce irin wadda aka koya mana a gida.

Ogogin ma kala kala ne. Wanda ya kafa ƙungiyar da kansa yana kallonta kamar ɗiyarsa, zai iya biya maka kuɗin asibiti daga aljihunsa, zai zo sunan ɗanka har Kubwa, amma ranar da kace Yallaɓai wannan tsarin fa ba daidai bane sai ya ɗauka ka zagi zuri'arsa. Irin wannan kar ka taɓa gyara masa a gaban mutane, ka same shi shi kaɗai, ka kawo maganar a matsayin abinda dona zai tambaya, ba abinda kai kake gani ba. Ranka ya daɗe ina tsoron in odita mai binciken kuɗi ya zo zai tsaya akan wannan, wannan jimlar ta cece ni sau da yawa. Shi kuma daraktan da aka turo daga waje na shekara biyu ko uku wani karatu ne. Na tuna baturiyar da ta girmi mahaifiyata tace in riƙa kiranta da sunanta gatsau, wallahi sai da nayi wata biyu ina zagaye sunan nan kamar sunan suruka. Wannan wasa ne, amma ga inda ba wasa ba: mu an tashe mu akan in babba na magana kayi shiru ka sunkuyar da kai, su kuma a wurinsu wanda yayi shiru a mitin bashi da abin cewa ne. Shekarata ta farko a takardar auna aiki aka rubuta min wai bana bada gudummawa, alhali rabin rahoton da ake tattaunawa ni na rubuta shi. Maganin da na samu shine kafin kowane mitin in rubuta abu ɗaya tak da zan faɗa, in faɗe shi a minti goma na farko tun kafin kunya ta kama ni.

Kuma kai da kake jin Hausa, za'a maida kai tafinta ko ba'a rubuta a takardarka ba. Za'a ɗauke ka zuwa Maiduguri a jirgi, ko a bi dakai ta Keffi da Akwanga zuwa ƙauyukan Filato, kai zaka shiga gaban mai unguwa ka durƙusa, kai zaka lallashi liman da fasto, kai zaka san cewa ba'a kiran taron mata ranar kasuwa, a dawo Abuja a rubuta rahoto ba sunanka. Ka riƙa rubuta wannan aikin da kwanan wata, lokacin auna aiki ka ajiye shi akan tebur, aiki ne ba alfarma ba. Sannan a cikin ofis in akwai wanda baya jin Hausa a wurin ku juya harshe, ni ɗan Jos ne na san yadda ƙaramin zargi ke girma ya zama ɓangare, yau teburin cin abinci ya rabu biyu gobe ana cewa oga na fifita nasa.

Yanzu maganar kuɗi, anan nake so ka nutsu don anan yaran kirki ke faɗawa rami. Za'a tura maka adibas a akawunka don ka gudanar da bita, kuɗin mota na mahalarta, abinci, ɗakin taro, in ka dawo kayi ritaya ɗin kuɗin wato ka kawo rasit da takardar sa hannun mahalarta ka maida canji. Sunanka ne akan kuɗin nan ba na oga ba. Wata rana wani na sama dakai zai ja ka gefe yace mutum 32 suka zo amma bajet na 50 ne, ka cike sauran sunayen kawai a haka ake yi, ko ya miƙo maka rasit ɗin otel da ba'a kwana ba yace ka haɗa. Ranar zai maka murmushi har ya baka naka kason. Bayan shekara ɗaya odita zai zo daga wurin dona ya ɗauki takardar ya fara kiran lambobin waya ɗaya bayan ɗaya, ya lura rubutun mutum 18 hannu ɗaya ne, kuma sa hannun da ke ƙasan takardar naka ne, shi wancan zai ce bai san zancen ba. Na ga yaro mai hankali ya tafi a haka, ba takardar shaida, kuma duniyar NGO a Abuja ƙarama ce, HR ɗin nan duk sun san juna.

Yadda zaka kauce ba tare da ka zama abokin gaba ba shine rubutu. Duk umarnin da ya shafi kuɗi aka baka da baki, ka koma tebur ka tura imel cikin ladabi, Yallaɓai kamar yadda muka yi magana ɗazu zan yi kaza da kaza, a tabbatar min. Mai gaskiya zai amsa da kalma ɗaya. Marar gaskiya zai taso da kansa yace wai meye na imel kuma, daga ranar ba zai sake kawo maka irin wannan ba, zai nemi wani. Eh zai iya ɗaure maka fuska, zai iya cire sunanka a tafiye tafiye masu DSA wato alawus ɗin tafiya, kuma na san zafin wannan don wani lokaci kuɗin tafiya ne ke biyan kuɗin makarantar yara, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya masa aski. Canjin da ya rage ka maida ta banki ka ajiye shaidar, kar ka miƙa wa kowa a hannu ko da akanta ne.

Sai kalmar nan da nafi tsoro a duk ofis, mu nan iyali ɗaya ne. Wani wurin da gaske ne. Wani wurin kuma fassararta shine za'a kira ka a WhatsApp sha ɗaya na dare, Asabar ma aiki, in ka nemi hutu a tuna maka da yaran da ke sansanin gudun hijira kamar kai ka kore su daga gida. Lokacin rubuta furofozal, wato takardar neman kuɗi wurin dona, kowa na kwana a ofis, wannan ba wanda zai ce a'a, amma in kullum gobara ake kashewa to rashin tsarin oga ne aka ɗora maka. Tun satin farko ka faɗi iyakarka da fara'a kafin a saba: Juma'a ina fita masallaci ƙarfe kaza in dawo kaza, da azumi zan shigo da wuri in tashi da wuri, daga Mararaba nake zuwa in ban bar gida kafin shida ba gosulo ɗin Nyanya zai riƙe ni. Abinda ka faɗa a farko tsari ne, in ka bari sai bayan wata shida ya zama ƙorafi. Hutun shekararka kuma ka tafi, kar ka tara, wurare da yawa in shekara ta wuce ya ƙone.

Ke kuma ƙanwata, ki nemi takardar kariya daga cin zarafi tun ranar farko ki karanta, ki ajiye lamba ko imel ɗin kai ƙara a wayarki ta kanki. Tun bayan abin kunyar lalata na ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Oxfam a Haiti da ya fito a 2018 manyan donoki suka matsa akan wannan, kusan ba mai baiwa ƙungiya kuɗi yanzu sai ta nuna tana da tsarin, kuma da yawansu suna da layin kai ƙara nasu da baya bi ta hannun oga. In wani ya fara, saƙon dare, zo ɗakina a otel mu duba rahoto, kwantiraginki na hannuna, kar ki goge komai, ki ɗauki hoton saƙon, ki rubuta rana da wuri, ki faɗa wa mutum ɗaya da kika yarda dashi a ranar. A Abuja dokar hana cin zarafi ta VAPP ta 2015 na aiki kuma NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, ce ke kula da ita. In kina da niyyar aure ko haihuwa ki tambayi hutun haihuwa kafin ki sa hannu, doka ta bada sati 12, wasu ƙungiyoyin na bada fiye, kuma yadda fuskar mai intabiyu zata canza in kin tambaya shima amsa ce.

In Allah ya haɗa ka da oga na gari ka riƙe shi ka kwashi ilimi. Zaka gane shi a ranar kuskure. Na taɓa tura wa dona rahoto da lissafin da bai daidaita ba, Hajiyar da nake ƙarƙashinta ta amsa musu tace kuskurenmu ne zamu gyara zuwa gobe, bata ambaci sunana ba, sannan ta kira ni ta rufe ƙofa ta wanke ni tas, ta zaunar dani muka bi lambobin layi layi har bayan magariba. Bayan wata biyu da aka yaba wani aiki a gaban darakta sai ta ambaci sunana tace ni nayi.

Ranar tafiya kuma, ko kai ka samu wani wuri ko firojek ne ya ƙare, ka bada notis yadda kwantiragi yace, kayi ritaya ɗin duk adibas da ke kanka, ka maida laftof da katin shaida a sa maka hannu an karɓa, ka rubuta takardar miƙa aiki mai kyau ko da ranka a ɓace yake. Takardar shaidar aiki ka karɓe ta kana cikin ofis ɗin, don in ka fita sai kayi ta sintiri Utako ana ce maka oga yayi tafiya. Takardun albashinka da kwantiragi da na auna aiki ka tura su imel ɗinka na kanka tun da sauran sati, amma takardun ƙungiya da bayanan mutanen da aka taimaka wa ka bar musu kayansu. Imel ɗin ofis ana rufe shi ne a ranar, wani lokaci ma kafin ka gama sallama da maigadi.